Hoton Motsa Jiki a Waya: Zaburarwa ko Fariya?



Da sanyin safiya, ko shayi ba ka kurɓa ba, ka buɗe WhatsApp sai ga status ɗin wani abokinka: gumi sharkaf, ga taswirar inda ya bi, ga rubutu a ƙasa, "Kilomita 10, Alhamdu lillahi." Wani yana gani zai hau neman takalminsa. Wani kuwa tsaki zai ja ya ce, "To, mu aka yi wa gudun?" Wannan saɓani shi za mu tattauna a yau.

Masana sun daɗe suna bin diddigin lamarin. A shekarar 2017, Sinan Aral da Christos Nicolaides na jami'ar MIT da ke Amurka sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan masu gudu sama da miliyan ɗaya, waɗanda ke nuna wa juna gudunsu ta wata manhaja, tsawon shekara 5. Matsalar irin wannan bincike ita ce, ta yaya za a gane aboki ne ya ja abokinsa? Ai dama mai son gudu da mai son gudu yake abota. Sai suka yi dabara, suka duba yanayin sama. Idan garin su Wane ya waye garau ya fita ya ƙara gudu, shin abokinsa da ke wani gari mai nisa, inda yanayin ya bambanta, shi ma yakan ƙara? Suka tarar yana ƙarawa. Duk ƙarin kilomita ɗaya daga abokai na jawo ƙarin kusan mita 300.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne wanda ke jan wani. Za ka zaci gwani ne ke zaburar da rago. Ashe tasirin na baya a kan na gaba ya fi ƙarfi. Ganin wanda ka raina yana neman taka maka dunduniya shi ke tashe ka daga katifa. Sannan maza na kwaikwayon maza da mata, su kuwa mata 'yan'uwansu mata kaɗai suke bi.

A jami'ar Pennsylvania ma, a wani bincike da aka wallafa a 2016, an raba ɗalibai kusan 800 rukuni-rukuni na mako 11. Waɗanda aka sa su gasa, kowa na ganin makin ɗan'uwansa, sun fi kowa zuwa atisaye. Waɗanda aka bari suna ta yi wa juna "sannu da ƙoƙari" kuwa, su ne suka zo ƙarshe.

To ina haushin yake fitowa? Mai ja tsakin nan fa ba lallai hassada ce ke cin sa ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce "na yi tafiyar minti 30 yau" da wanda ya tuɓe riga gaban madubin gidan jim, ya ƙame ciki, ya ɗauki hoto ya fi ashirin kafin ya zaɓi ɗaya. Na farko ya nuna maka abin da kai ma za ka iya gobe. Na biyu jikinsa yake tallatawa, kuma matar da ta haihu wata uku da suka wuce, ko dattijon da likita ya ce ya rage teɓa saboda hawan jini, ba abin da za su ƙaru da shi sai jin sun gaza. Mu da aka tarbiyyantar da gudun riya da tsoron bakin mutane, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai kuma batun tsaro. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa tana tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na kunna ta idan suna gudu. Idan taswira ta fallasa barikin soja, gidanka fa? Mai sa hoton hanyarsa kullum ya gaya wa duniya ƙofar da yake fitowa da ƙarfe nawa yake barin gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, wajen mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ba. Don haka ni ba na cikin masu cewa a daina sawa. Amma ku nemi mutum biyar ko shida sa'o'inku, ku buɗe ɗan zaure a WhatsApp, kowa ya riƙa faɗin abin da ya yi, har ranar da ya kasa. Taswirar unguwa kuwa, don Allah a ɓoye ta.

Mai sauraro, kai a wane ɓangare kake, masu neman takalmi ko masu tsaki? Turo mana saƙonka, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.