Kilo Nawa Ya Dace da Jikinka?

A ƙasar Hausa nauyin jikin mutum ba sirrinsa ba ne, kowa yana da ta cewa a kai. Amarya ta je ganin gida, idan kumatunta sun ciko sai a ce aure ya karɓe ta, a yi ta sa wa mijin albarka. Idan kuwa ƙasusuwan wuyanta sun fito, kafin ta tuɓe mayafi gwaggonni sun fara bincike: ko ba ya cefane ne, ko uwar miji ce ta sa ta a gaba? Magidanci ya ajiye tumbi, abokai su ce Alhaji an samu. Wannan tsohuwar al'ada ce, kuma tana nan da ranta. Sai ga sabuwa ta shigo ta waya, da hotunan masu shafaffen ciki da tallar shayin da wai zai narkar da teɓa cikin mako biyu. Yau a gida ɗaya sai ka tarar da ya tana neman abin da zai sa ta ciko, ƙanwa kuma ta ƙaurace wa tuwon dare don ta zabge, kowacce da adadin kilon da ta ƙudurce a ranta. Ka tambaye su inda suka samo adadin, da wuya amsar ta taɓo lafiya. Wata nauyinta na ranar aure take nema, wata na ƙawarta, wata kuma na 'yar fim.

Wannan ɗora wa kai buri mai nisa ba namu ba ne mu kaɗai. A 1997 Gary Foster da abokan aikinsa na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun wallafa wani bincike da suka yi a kan mata 60 masu ƙiba, waɗanda matsakaicin nauyinsu ya kusa kilo 100. Kafin a fara musu shirin rage ƙiba na mako 48, sai aka ce kowacce ta faɗi nauyi huɗu: wanda take mafarki, wanda zai faranta mata rai, wanda za ta karɓa da haƙuri, da wanda idan a nan ta tsaya za ta ce an yi aikin banza. A matsakaici burinsu shi ne su zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinsu. Ko nauyin da suka kira na takaici, sai an rage kashi 17 cikin 100 kafin a kai gare shi. Da shirin ya ƙare, a matsakaici kowacce ta rage kimanin kilo 16. A wurin likita wannan gagarumar nasara ce. Amma kusan rabinsu ba su kai ko nauyin takaicin nan ba. Wato sun samu abin da zai gyara musu lafiya, suka tafi gida suna ganin sun faɗi.

To nawa jiki yake buƙata a rage masa kafin a ga amfani? Ƙasa da yadda ake zato. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya tattara mutum fiye da 3,000 masu nauyi waɗanda sugan jininsu ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba. An ce wa rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, mafi yawa tafiyar ƙafa da sauri. Cikin shekara uku kamuwa da ciwon suga a wannan rukuni ya yi ƙasa da kashi 58 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda ba su shiga shirin ba. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metfomin kashi 31 suka samu. Mace mai kilo 90, kashi 7 ɗinta kilo 6 ne da ɗoriya. Za ta koma 84, maƙwabta ma ba lallai su lura ba, amma jininta ya lura, gwiwoyinta ma haka. Shi ya sa likitoci kan ce a fara da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a ga yadda hawan jini da suga da numfashi za su yi.

A asibiti ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne BMI, kuma lissafinsa ba ya da wuya. Ka ninka tsayinka a mita da kansa, sannan ka raba nauyinka a kilo da abin da ka samu. Mai tsayin mita 1.60, ninkinsa 2.56 ne, idan nauyinta kilo 90 ne, BMI ɗinta 35 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai haɗari. Abin lura a nan shi ne faɗin filin da ake kira daidai. Ga mai tsayin 1.60, daga kilo 47 har zuwa 64 ne. Ga mai 1.75, daga 57 zuwa 76. Tsakanin farko da ƙarshe kusan kilo 20. Ashe ma'aunin kansa bai tsayar wa kowa adadi guda ba, mu ne muke matse kanmu.

Ya kamata kuma a san asalinsa don kada a ɗauke shi kamar saukakken hukunci. Wanda ya fito da lissafin, Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam ne masanin lissafi da taurari, ba likita ba, kuma a shekarun 1830 ya yi shi don ya siffanta matsakaicin Bature. Sai a 1972 Ancel Keys, wani masani ɗan Amurka, ya raɗa masa sunan da ake kiran sa yanzu, kuma amfaninsa ya fi ƙarfi wajen auna jama'a da yawa a dunƙule. Ba ya bambanta tsoka da kitse. Ɗan dambe ko ɗan dako mai murɗaɗɗen jiki na iya faɗawa cikin masu nauyi alhali babu teɓa a jikinsa. Ma'aikacin ofis mai siraran ƙafafu da tulelen ciki kuma ya fito daidai, shi kuwa ciwon suga na ƙofar gidansa. Saboda irin wannan ne hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya a fara sa ido tun daga 23, a ɗauki 27.5 a matsayin ƙiba, domin haɗarin ciwon suga kan same su tun nauyi bai kai na Turawa ba.

A ganina awon ƙugu ya fi sikeli faɗin gaskiya, kuma ya fi arha. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Na cinya da ɗuwawu bai kai shi ɓarna ba. Shawarar da NICE ta bayar a 2022 mai sauƙin riƙewa ce: kada kewayen ƙugunka ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Tef ɗin tela ya wadatar. In babu, a samu igiya a yanka ta daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya, ba tare da an shanye ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, akwai aiki, komai abin da sikeli ya ce. Wannan magana ta fi shafar maza, waɗanda babbar riga ke rufa wa asiri shekara da shekaru.

Akwai dalilin da ya sa buri mai nisa yake ƙarewa da komawa gidan jiya, kuma ba rashin zuciya ba ne kawai. Jiki ba ya son a ƙwace masa abin da ya tara. Idan nauyi ya sauka da yawa, yunwa takan ƙaru, jiki kuma ya rage yawan abin da yake ƙonawa ko mutum yana kwance. An ga wannan ƙarara a kan mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka mai suna The Biggest Loser. Cikin mako 30 kowannensu ya zubar da kimanin kilo 58 a matsakaici. Da Kevin Hall da tawagarsa suka sake auna su bayan shekara shida, a binciken da ya fito a 2016, kusan kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga mai girmansu. Mu ma muna da namu darasin kowace shekara: ɗan abin da aka rage a watan azumi, kafin a gama ziyarce-ziyarcen sallah ya fara dawowa, domin tsarin cin abincin ne ya koma yadda yake. Nauyin da aka samu ta hanyar da ba za a iya ɗorewa a kai ba, aro ne.

Masu neman ciko kuwa tasu matsalar ta fi gaggawa, don galibi kemis suke nufa. Ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe sun zama ruwan dare, musamman gab da biki. Cikin abin da aka fi sha don wannan buƙata akwai Periactin, maganin ƙaiƙayi da mura wanda ke buɗe ciki ya sa barci, da kuma deksametason, wanda shi ne mugun. Magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don asma da kumburi da wasu manyan cututtuka, na ɗan lokaci kuma da awo. Wanda ya daɗe yana sha, fuskarsa za ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage. Abin da ake gani kamar ƙiba, ruwa ne da kitse a inda ba a so. A ciki kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, garkuwar jiki na sauka. Kuma wadda ta daɗe a kansa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya kai ta ga halaka. Likita ne zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan. Mace siririya mai ƙarfin aiki, wadda al'adarta ke zuwa daidai, ba ta yawan rashin lafiya, kuma haka iyayenta suke, ba ta da cutar da za a yi wa magani. In dai ana son ƙarin 'yan kilo, gyaɗa da wake da ƙwai da nono da kifi suna nan, a ƙara yawan lokutan ci.

Sai dai rama iri biyu ce. Ta halitta ba cuta ba ce. Wadda ta zo da kanta, mutum bai rage ci ba bai ƙara aiki ba, sai ya ga wando na zamewa, wannan ba abin murna ba ce ko da mai ƙiba ne. Zubewar kashi 5 cikin 100 na nauyi haka kawai cikin wata shida zuwa shekara na iya zama alamar ciwon suga, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon daji ko ciwon maƙoƙo mai sa jiki ƙonewa da sauri. Asibiti za a je.

Idan aka zo tsayar da adadi, mafarin shi ne inda mutum yake yau. Ya hau sikeli, ya auna ƙugu, ya je a duba masa jini da suga. Sannan ya waiwayi tarihinsa: tun da ya girma, wane nauyi ne mafi ƙanƙanta da ya taɓa riƙewa shekara guda cur ba tare da yunwa ta hana shi barci ba? Wannan ya fi nauyin ranar aure zama abin dogaro, don jikin 'yar shekara 19 daban yake da na uwar 'ya'ya biyar. Mai ƙiba ya sa kashi 5 zuwa 10 a gaba cikin wata shida, yana sauka da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. In ya kai, ya tsaya a nan wasu watanni ya ga ko zai riƙe, kafin ya yanke shawarar ƙarawa. Kuma ya bar wa kansa sarari, ya ce tsakanin 78 da 81 maimakon 78 cif, domin nauyi na iya motsawa da kilo ɗaya ko biyu a yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin ciki, ga mata kuma har da lokacin al'ada. Hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ya isa.

Gwajin da na fi yarda da shi bai shafi lamba ba. Shin a wannan nauyi kana iya hawa bene ba haki? Kana iya ruku'u da sujada da zaman tahiya gwiwa ba ta yi ƙara ba? Kana barci ba minsharin da ke tsinke numfashi? Kuma, wanda ya fi duka, kana iya riƙe shi kana ci daga tukunyar gida? Burin da zai tilasta wa mutum dafa nasa daban har abada, ko ƙin zuwa suna da biki, ba zai yi ƙarko ba. Rage malmala biyu zuwa ɗaya, yawaita miyar ganye, barin lemon kwalba, rage cokulan suga a shayi, da tafiya ƙasa zuwa masallaci ko kasuwa maimakon hawa babur, waɗannan ana iya yin su har tsufa.

Duk wannan lissafi na manya ne. Yara suna da nasu ma'aunin bisa shekaru, kada a sa su ƙaurace wa abinci ba da shawarar asibiti ba. Mai ciki ba ta rage nauyi. Wadda ta ɗauki cikin da matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16. Tsofaffi kuma zubewar tsoka ta fi ɗan ƙarin nauyi yi musu illa. Wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini ya sanar da likitansa kafin ya fara, don idan nauyi ya sauka wataƙila a rage masa magani.

Saura mu 'yan kallo. Iyaye mata, gwaggonni, maza da ƙawaye, a sassauta wa mutane da zancen "kin rame" da "kin yi ƙiba". Kalma ɗaya a tsakar gida ta isa ta tura yarinya kemis. Wanda ya damu da lafiyar ɗan'uwansa da gaske, ya raka shi a auna masa jini da suga.