Abin da alƙaluma ke faɗa game da matasan 'yan ƙwallo, da abin da Bodinga da Shagari suka rasa

A gidajen kallon ƙwallo da majalisun shayi na Bodinga da Shagari, muhawara ɗaya ba ta ƙarewa: wane yaro ne zai kai Turai? Da zarar wani matashi ya zura ƙwallo uku a gasar unguwanni, sai a fara kiransa Osimhen na gaba. Sai dai manyan ƙungiyoyin duniya sun daɗe da daina dogaro da yawan ƙwallaye kaɗai wajen auna matashi. Hanyar da suke bi kuwa ta samo asali ne daga wani wasa da ba a saba da shi a nan ba, wato besbol.

Darasi daga Amurka

A besbol, mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo, wani kuma ya tare ta da kulki, sannan ya ruga zuwa zango na farko. Tun 1965 babbar gasar Amurka ke gudanar da zaɓen sababbin 'yan wasa duk shekara, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar matasa daga makarantun sakandare da jami'o'i bi da bi. A yanzu ƙungiyoyi 30 ne ke zaɓe a zagaye 20, kimanin matasa 600 ke nan. Magoya baya kan shafe watanni suna jayayya kan wanda ya kamata a ɗauka.

Da can, ma'aunin mai bugu shi ne sau nawa ya yi bugu mai kyau cikin damar da ya samu. Uku cikin goma gwaninta ce. Daga 1977 wani marubuci, Bill James, ya fara nuna cewa wannan ma'auni yana ɓoye abu mai muhimmanci. Ɗan wasa mai haƙuri, wanda ke ƙin taɓa jifa marar kyau har sau huɗu, ana ba shi zangon farko kyauta, amma tsohon lissafin bai san da shi ba.

Billy Beane, manajan Oakland Athletics, ya ɗauki wannan tunani ya sayi irin waɗannan 'yan wasa da araha. A 2002 ƙungiyarsa ta ci wasa 103, ciki har da 20 a jere, alhali albashin 'yan wasanta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na New York Yankees ba. Tun 2015 kuma akwai na'urori a dukkan filayen gasar da ke auna saurin ƙwallo da yanayin tashinta bayan an buge ta. Manufar ita ce raba gwaninta da sa'a.

Yadda abin ya shigo ƙwallon ƙafa

A ƙwallon ƙafa, ma'aunin da ya fi shahara shi ne xG, wato ƙwallayen da ake sa ran ci. Ana duba dubban hare-haren da aka kai a baya, a ga kashi nawa ne suka shiga raga daga wuri kaza, da ƙafa ko da ka. Bugun fenariti yana da kusan 0.76, domin kimanin uku cikin huɗu kan shiga. Bugu daga nesa kuwa sau da yawa bai kai 0.05 ba.

Ma'anar ita ce, matashin da ke yawan samun kansa a wurin cin ƙwallo, ko da bai ci da yawa ba tukuna, ya fi abin dogaro a kan wanda ya dace da bugu biyu daga tsakiyar fili. Ɗan kasuwa ya san wannan: ba a auna ƙarfin shago da cinikin jajibirin Sallah.

Brentford ta Ingila ta yi suna a wannan hanya. Ta sayi Ollie Watkins daga Exeter a 2017 kan ƙasa da fam miliyan biyu, ta sayar da shi ga Aston Villa a 2020 kan fam miliyan 28.

Wasa bakwai ba ya isa

Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar: 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. A 2007 Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo da guda bakwai, Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma ya ƙare da zaman aro a ƙungiyoyin rukuni na biyu. A 2015 Victor Osimhen ya ci goma, sai dai ko ɗaya bai ci wa Wolfsburg ba, har sai da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, inda ya ci 20. Gasa iri ɗaya, makoma daban. Wasa bakwai bai isa a yanke hukunci ba, ko na yabo ko na suka.

Ahmed Musa kuwa kakar wasa cikakkiya ya buga. Ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kuma komai yana rubuce kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi.

Abin da ake asara a gida

A nan matsalar take. Yaron da ke wasa a filin firamare a Shagari ko Bodinga ba shi da tarihi a rubuce. Sai dai a ce “ya iya”. Wannan giɓi ne dillalan bogi ke shiga ta cikinsa, su karɓi kuɗin iyaye da sunan gwaji a ƙasar waje, wani lokaci bayan an sayar da gona ko dabbobi. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyar ta Holan.

Akwai kuma asarar kuɗi. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Amma ƙungiyar da ba ta yi wa yaronta rajista da hukumar ƙwallo ba, ba ta da hujjar neman ko sisi.

Ba sai da na'urorin Amurka za a fara ba. Littafi da biro sun isa: ranar haihuwa ta gaskiya, mintunan da yaro ya buga, hare-haren da ya kai da wurin da ya kai su, da ƙwallayen da ya bayar aka ci. Wayar hannu kuma ta ɗauki wasa daga farko har ƙarshe, ba yankin da ya yi bajinta kaɗai ba. Alƙaluma ba sa auna ladabi ko juriyar zaman baƙunta, don haka idon koci yana nan da amfaninsa. Amma idan masu shirya gasannin ƙananan hukumomi suka riƙe irin wannan littafi kaka biyu ko uku, duk mai neman 'yan wasa da ya zo daga Sakkwato ko Kano zai tarar da abin dubawa, ƙungiyar garin kuma ta samu shaidar cewa ita ta reni yaron.