Kwalara a Ɗan Issa: lissafin da ke cikin kunun da ya kwana

Mutanen Ɗan Issa ba su manta da daminar shekarar 2018 ba. A farkon watan Yuli ne aka kawo wasu ƴan gida ɗaya daga Jibiya ta jihar Katsina zuwa asibitin N'Yelwa cikin gundumar Madarunfa, suna fama da amai da zawo, cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai kuma ta tabbatar da cewa kwalara ce. Kafin farkon watan Oktoba sama da mutum 3,600 sun kamu a Nijar, fiye da 60 sun riga mu gidan gaskiya. Ɗan Issa, da ke bakin iyaka kan hanyar Maradi zuwa Jibiya, na cikin garuruwan da suka ji jiki.

Da an ce kwalara, hankalin kowa sai ya koma kan ruwan rijiya da na tabki. Gaskiya ne, amma ƙwayar cutar tana hayayyafa cikin abinci ma, kuma a nan ne masu lissafi suka shigo aikin likitoci. Idan ta samu ɗumi, ƙwaya ɗaya na iya rabuwa biyu cikin kamar rabin awa. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya ninka biyu sau 20: cikin awa 10 ƙwaya guda ta haura miliyan. Ke nan kwanon da hannu marar tsabta ya taɓa da magariba, kafin asuba ya zama wani abu dabam, alhali ba wari, ba canjin kama. Abincin kuma yana rage ƙarfin tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyin.

Ba zancen takarda ba ne kawai. A annobar Mali ta 1984, lokacin fari, masu bincike sun gano cewa masu shan kunun hatsi da ya jima a ajiye sun fi kamuwa. A ɗakin gwaji ƙwayar ta ci gaba da rayuwa cikin kunun, amma da aka zuba nono mai tsami sai ta mutu. Fari ya hana dabbobi nono, ya raba mutane da kariyar da ba su ma san suna da ita ba. Kada dai mai fura ta yi saurin murna, domin ruwan damu shi ma abin tambaya ne.

A 2001 wata masaniya ƴar Brazil, Cláudia Codeço, ta tsara lissafin da ya haɗa masu lafiya, waɗanda suka kamu, da yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwa. Daga baya masana halittu suka nuna cewa ƙwayar da ta fito daga cikin majinyaci yanzu-yanzu ta fi kama mutum nesa ba kusa ba, na ƴan awoyi. Da aka saka wannan cikin lissafin sai aka fahimci dalilin da ya sa cutar ke cinye gida kafin ta tsallaka unguwa.

Da alƙaluman annobar Njamena ta 2011, wasu masana sun gwada a kwamfuta, suka ga cewa idan aka gaggauta kai allurar baki da maganin tsabtace ruwa ga gidajen da ke cikin kimanin mita 100 daga gidan majinyaci, ana rage cutar da kaya kaɗan. A ganina wannan ne ya fi dacewa da gari irin Ɗan Issa, inda fatake da direbobi ke ci a tasha su wuce. Sai dai lissafin ba ya aiki sai ma'aikacin lafiya ya rubuta rana da unguwar kowane majinyaci, dangi kuma sun daina ɓoye mai zawo a ɗaka har ya galabaita.