Yadda A Ke Tausasa Fallen Katako Kafin A Manna Shi

Sa'ad da muka je hutu gida Fammar, a ƙasar Kibiya, cikin tsakiyar hunturu, mun ratsa ta Rano, muka iske wani kafinta zaune ya yi tagumi. Ya sayo fallen katako daga Kano don ya lulluɓe saman teburin amarya, yana warware shi sai ya tsattsage a hannunsa. Kuɗi sun tafi, ga ranar biki ta matso. Da ya ke mu ma an koya mana wannan aiki a ɗakin sana'a, muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwanmu dalilin abin da maganinsa.

Fallen katako, watau itace mai kyaun gani da a ke ferewa da inji, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, a manna shi bisa katako mai araha. Dabarar kuwa daɗaɗɗiya ce, gama an sami akwatuna masu irin wannan lulluɓi cikin kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka buɗe a Masar cikin 1922. A ƙasarmu garin Sapele ne ya yi suna da fere shi, daga itatuwan kurmi 'yan'uwan maɗacinmu.

To, a nan matsalar ta ke. Itace yana shan laimar iska, yana kuma sakinta. Can kurmi iska jiƙe ta ke, amma da falle ya iso Arewa sai hunturu ya tsotse ruwan jikinsa, ya takura. Takurar kuwa ta fi yawa a faɗinsa bisa ga tsawonsa, shi ya sa ya kan kanannaɗe, ya tsage bin jijiya. Kowa ya san masu saƙar tabarma ba su taɓa busasshiyar kaba sai sun jiƙa ta. Haka nan falle.

Amma ruwa kaɗai ba ya isa, don da ya bushe sai taurin ya komo. Sai a haɗa ruwa kashi 8, da gilisarin kashi 1, irin wanda mata ke shafawa saboda kaushi, da sifirit kashi 1. Gilisarin shi ke riƙe laima cikin itacen, sifirit kuwa ya taimaki haɗin ya ratsa. A yayyafa wa fallen ciki da baya. Kada a jiƙa fuska ɗaya a bar ɗaya, in an yi haka nan da nan zai naɗe kamar tabarma. A bar shi kaɗan ya sha, sa'an nan a sa shi tsakanin fararen takardu, a ɗora masa katako mai sumul, a danne da dutse. Da fari dannewar ta zama sassauƙa, in ya kwanta a ƙara nauyi.

Takardun nan su ke zuƙe ruwan, saboda haka a riƙa sake su safe da yamma har kwana 2 ko 3, sai an taɓa an ji ba sanyi. Nan yawancinmu mu kan kasa haƙuri. Mu kanmu mun taɓa manna falle da ɗanyensa, bayan mako guda ya takura ya buɗe baki a mahaɗa, malam ya sa muka kankare shi duka.

Abu biyu su kan ɓata fuskar aiki. Jarida mai rubutu tana barin tawada. Ƙarfe kuma in ya taɓa jiƙaƙƙen falle ya kan bar baƙin tabo, kamar yadda dukawa ke samun baƙi in tsatsar ƙarfe ta gamu da fatar da aka jeme da bagaruwa.

In ya bushe ya kwanta, kada a ajiye shi, domin laushin na 'yan kwanaki ne. A shafa gam a jikin katakon, ba a fallen ba. In gam ɗin fata ne, a narkar da shi da ɗumi, kada ya tafasa. Sa'an nan a manna wani falle a bayan katakon, ko da maras kyau ne, in ba haka ba fuskar da aka lulluɓe za ta ja teburin ya lanƙwashe.