Yadda Laka Ke Bazuwa a Ƙarƙashin Teku

Kogunan Ganges da Brahmaputra suna kwaso yashi da laka daga duwatsun Himalaya, su jibge a bakin tekun Bengal. Idan tarin ya yi yawa, ko girgizar ƙasa ta motsa shi, sai ya zabtare. Ruwan da ya gauraya da laka ya fi na teku nauyi, shi ya sa yake gangarawa a guje ta kwazazzaban ƙarƙashin teku. Da ya isa fili sai ƙarfinsa ya ragu. Yashi ne ke fara kwantawa, laka kuwa ta wuce gaba, ta bazu kamar mafici. Haka aka yi miliyoyin shekaru har aka samu shimfiɗar laka ta Bengal, mafi girma irinta a duniya, mai tsawon kusan kilomita 3,000.