Sunayen gida suna riƙe da tarihin zuri'a

Da yawa daga cikinmu mazauna Yamai ba a nan aka binne cibiyar kakanninmu ba. Wasu daga Arewa suka zo, wasu daga Adar, Gobir ko Damagaram. Yau idan aka tambayi yaron da aka haifa a Bukoki sunan kakan ubansa, sai ya yi shiru. Dalili kuwa, a takardunmu mutum yakan ɗauki sunansa ne da na mahaifinsa. Ɗan Ali Garba zai zama Musa Ali, ɗan Musa kuma Sani Musa. Kafin a ankara, Garba ya ɓace.

Amma magabata sun bar mana sawu a cikin sunayen gida. Ran bakwai ana raɗa wa jariri sunan yanka, kuma sau da yawa sunan kaka ake mayarwa. To, matar gida ba ta faɗin sunan surukinta saboda kunya. Shi ya sa ake kiran yaron Baba, Abba ko Babangida, yarinya kuma Inna, Ummi ko Uwani. Duk inda muka ji irin wannan laƙabi, mu tambaya: sunan wa aka ɓoye? Amsar za ta kai mu ga kaka, wani lokaci har ga kakan kaka.

Wasu sunayen lokaci suke nunawa. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi aka haife su, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a. Nomau ya zo lokacin aikin gona, Ɗan'azumi cikin watan azumi. Wasu kuma jerin haihuwa suke bayyanawa. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo kuwa ƙanen tagwaye ne. Idan akwai Gambo a gida amma ba Hasan ba Husaini, lalle akwai labarin da ba a ba mu ba.

Sunayen wabi su ne suka fi nauyi. Uwar da ƴaƴanta suke mutuwa tun suna ƙanana takan kira wanda ta samu daga baya Barau, Barmani, Ajuji ko Ayashe. Fatanta a bar mata shi, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Bai kamata mu yi wa waɗannan sunaye dariya ba, domin kowane ɗaya shaida ne na kushewar yara. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda sun kashe da yawa. Akwai kuma amosanin jini, wato sikila, wanda yaro zai iya gada idan uba da uwa duka suna ɗauke da irinsa. Gidan da sunayen wabi suka yi yawa, musamman inda ake auren zumunci, ya kamata a faɗa wa likita, samari da ƴanmata kuma su yi awon jini kafin aure. Cibiyar ƙasa mai kula da wannan ciwo tana nan Yamai.

Ga yadda za mu fara. Mu ɗauki littafin rubutu mu je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi, domin mata sun fi riƙe lissafin haihuwa. Idan ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kada mu matsa mata, mu tambayi wani dattijo. Kowane mutum mu rubuta sunansa na yanka, da laƙabinsa, da sunan uwa da uba, da garinsu. Inda ba a san shekara ba, mu tambayi abin da ya faru lokacin: farar 1931 ce, ko farin 1973, ko yunwar 1984? Wannan littafi zai yi amfani ranar rabon gadon gona.

Jaririn da aka haifa yanzu kuwa, mu yi masa takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari da wuri, sa'an nan mu ƙara sunansa a littafin, tare da sunan wanda aka mayar.