Ko Kun Sani?

Mutumin Danwarai da ke marmarin shan iska a bakin ruwa yana da kogin Matan Fada, can Argungu, ba sai ya fita daga jihar Kebbi ba. Nan ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin don ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi.

Sarkin Ruwa ne ke kula da kogin. Ranar gasa dubban masunta kan auka ruwa a tare, kowa da homarsa da gorarsa, ana farautar giwan ruwa, makaɗa na zuga su daga kwale-kwale. Akwai kuma kabanci, wato wasannin ruwa irin su iyo da kamun agwagwa, wanda kallonsa ma ya fi ban dariya. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya.